Minti Biyun da Suka Gagari Mai Gwajin Jini

Ina tsakiyar yi wa wani mutum aski, na gama gefen dama ban taɓa na hagu ba, sai wayata ta yi ƙara a gaban madubi. Abokiyar aikin abokina ce daga asibiti. Ta ce in bar abin da nake yi in zo, abokina ya faɗi a ɗakin gwaji. Na tambaye ta wane ɗaki aka kwantar da shi. Ta ce ba a kai ga kwantarwa ba. Na ajiye wayar, na ƙarasa wa mutumin gefen hagu, na kaɗe masa wuya, na cire masa ƙyalle. Har yau ban san abin da ya sa na yi haka ba. Sai da ya fita sannan na zauna a kujerar da ya tashi.

Hawan jini ne, in ji likitoci. Mutum ya shekara ashirin yana duba jinin jama'a, nasa ya yi masa ba-zata.

Sai-na-gani muke ce masa tun muna benci ɗaya a firamare. Ko ce masa ka yi ana ruwa a waje, sai ya leƙa taga kafin ya amsa. Ni na tsaya a nan na kama aski, shi ya wuce har ya zama mai gwajin jini. Mutane na ce masa Likita, shi kuma bai taɓa gajiya da gyara musu ba: ba likita ba ne, mai gwaji ne. Ni kuwa Gidan Rediyo yake ce mini, wai tun safe nake buɗe tasha ba na rufewa sai na rufe shago.

Ɗakin aikinsa na can ƙarshen baranda, bayan wurin karɓar magani. Dogon teburi ne na siminti, da famfo a ƙarshensa, da firji mai gurnani, da madubin duba ƙwayoyin cuta wanda yake lulluɓewa da tawul in zai tashi. Tsohon da ya koya masa aiki ya bar masa magana guda: abin da ido bai gani ba, hannu ba ya rubutawa. A sana'ar tasu akwai masu juye jini a kwatami su rubuta zazzaɓin cizon sauro, don sun san cikin mutum goma bakwai shi ke damunsu. Shi ko maganin gwaji ne ya ƙare, sai ya rubuta “ba a yi ba” ya sa hannu. An sha yi masa tsawa a kan haka. Ba ya musu, ba ya kuma canzawa.

Bai yi aure da wuri ba. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, mace mai fara'a da saurin tafiya. Shekara biyu da aurensu ta samu aikin kula da tsofaffi a wata ƙasa mai sanyi, suka yi shawara ta fara yin gaba. Sai da ta sauka da wata guda ta gane tana da ciki. A can ta haihu, mace, aka sa mata sunan mahaifiyarsa, shi ya sa Mamana yake kiranta. Irin takardar zaman da aka ba matar ba ta ɗaukar miji, fita kuma kafin takardun jaririyar su daidaita kasada ce. Hanya ɗaya ta rage masa, ya je da ƙafarsa a matsayin ma'aikaci. Ya nema, wani asibiti a can ya ce yana so. Takardun karatunsa suka wuce, na aikinsa suka wuce. Abin da ya rage a ba shi biza shi ne jarrabawar Turanci.

Da ya faɗa mana a shago dariya muka yi. Mutumin da ke karanta littattafan asibiti masu kaurin bulo, wane Turanci ne zai tsare masa hanya?

Jarrabawar kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu, magana. Ana son maki bakwai cikin tara a kowanne, kuma a zama ɗaya. Kashi uku na farko ya wuce su kamar shan ruwa. Magana ce ta kayar da shi. Ɗaki ne ƙarami, teburi ɗaya, kujera biyu, da rikoda a tsakiya. Bayan 'yan tambayoyi sai mai jarrabawa ya miƙo kati mai ɗauke da batu, ya ba ka minti ɗaya ka yi tunani, sannan ka yi minti biyu kana magana ba tsayawa.

Katin farko ya ce ya ba da labarin wani hutu da ya taɓa zuwa bakin teku. Ya karanta sau biyu, ya ɗaga kai ya gaya wa mai jarrabawar, cikin Turanci mai kyau, cewa bai taɓa zuwa hutu ba, bai kuma taɓa ganin teku ba. Ya ajiye katin. Suka zauna suna kallon rikoda har lokaci ya cika. Shida ya samu.

A karo na biyu aka tambaye shi dabbar da ya taɓa kiwo a gida don sha'awa. Ya ce akwai wata kyanwa da ke zuwa bayan ɗakin gwaji, amma ba tasa ba ce, bai kuma san mai ita ba. Na uku aka ce wane shahararren mutum yake son haɗuwa da shi. Ya yi tunani tsakani da Allah har mintinsa ya ƙare, ya ce babu.

Duk wanda ya ji sai ya ce masa abu ɗaya: ba gaskiya suke aunawa ba, harshe suke aunawa. Ya ce ya sani. Amma da ya buɗe baki zai faɗi abin da bai faru ba, sai ya ji kamar yana sa hannu a takardar jinin da bai duba ba, sai kalmomin su watse masa.

Kafin na huɗu ya shiga wani ajin koyarwa a saman bene, inda aka ba su amsoshi a rubuce su haddace. Hadda ba ta ba shi wuya. Ya shiga ya zubo amsar tiryan-tiryan kamar mai karanta sanarwa, mai jarrabawar ta katse shi a tsakiya da wata tambaya daban, ya rasa inda zai kama. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: biyar da rabi.

A nan ne ya zo shago ya ce tunda ƙarya sana'ata ce ta biyu, in koya masa. Na ce ba ƙarya ake cewa ba, hira ake cewa. Muka sa Lahadi da yamma. Wani direba da ke zama wurinmu shi ke riƙe agogo a wayarsa. Ni ba ni da Turancin kirki, saboda haka da Hausa muke farawa, in ya samu zaren sai ya juya.

Na ce masa, “Kana da kare.”

Ya ce, “Ba ni da kare.”

“Yau kana da shi. Yaya sunansa?”

“Karen da babu shi?”

Direba ya ce an ci daƙiƙa ashirin ko wutsiya ba a gani ba. Na koya masa abin da na sani: kada ka ƙago daga sama, ari za ka yi. Ɗauki karen maƙwabci ka mai da shi naka, ɗauki tafiyar wani ka shiga motar. Ka sa launi, ka sa wari, ka sa wani ɗan abu da ya lalace, don labarin da komai ya tafi daidai ba mai yarda da shi. Yana rubutawa a ɗan littafinsa kamar wanda ake faɗa wa adadin magani. In ya gwada, sai ya yi jimla uku masu kyau, a ta huɗu ya tsaya ya ce a gaskiya dai karen na maƙwabcinsu ne. Direba ya taɓa cewa in aka kai shi kotu shaida, har alƙali sai ya tona wa asiri.

Na biyar kuwa sa'a ta leƙo. Katin ya ce ya bayyana wata na'ura da yake aiki da ita. Ya ɗauko injin da ke juya jini ya raba shi da ruwansa, ya yi ta bayani har aka ce ya isa. Bakwai da rabi a magana. Amma a zauren rubutu ranar ya tsaya gyaran shafin farko, lokaci ya cim masa bai rufe na biyu ba. Shida da rabi. An toshe nan, can ta ɓalle. Ya nuna mini sakamakon a waya, ya mai da ita aljihu, ya ce in rage masa gefe kawai.

Duk wannan an ci shekara biyu da wani abu. Yarinyar ta yi rarrafe a waya, ta yi tafiya a waya, ta fara magana a waya. Kullum in ya tashi aiki sai ya jingina wayar da kwalbar ruwa a kan teburin ɗakinsa, ya zauna ya ga ana ba ta abinci. Tana ce masa Baba. In uwar ta ce ta je ta kawo wa Baba takalminta ya gani, sai ta kawo ta ɗora a kan wayar, allon ya yi duhu, yana jin dariyarsu daga ƙarƙashin takalmi. Shi ya ba ni wannan labari, yana dariya shi ma.

Yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta kira shi ta ce ya isa haka. Ya rame, ba ya cin abinci, kullum abin sauraro a kunne kamar matashi. Ta ce matar ta tattaro ta dawo, ai ba a kan Turanci aka ɗaura aure ba. Matar ma ta ce ta yarda, in ya ce ta dawo za ta dawo. Ya san abin da dawowar za ta rushe, kusan shekara huɗu na wahalarta da takardun yarinyar da suka kusa kammala. Asibitin can kuma ya rubuto cewa ya ɗaga masa ƙafa sau biyu, ba zai wuce ƙarshen shekara ba. Ya ce wa Yaya ta yi haƙuri, sau ɗaya ya rage. Ta ce haka ya ce wancan karon. Ya ce wancan karon bai ce na ƙarshe ba ne, ta tuna da kyau. Ta tuna, bai ce ba.

Ya zauna jarrabawa ta shida ranar Alhamis. Ya rasu ranar Talata. Sakamakon ya fito bayan mun binne shi da kwana takwas, matarsa ce ke da mabuɗin akwatin saƙonsa, ita ta buɗe. Mun yi waya da ita sau da yawa tun daga nan. Ba ta faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Asabar ne da la'asar, shago ba kowa. Ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle, na ƙi tambayarsa labarin jarrabawar don na gaji da ganin fuskarsa in yana ba da amsa. Shi ya fara. Ya ce katin ya ce ya ba da labarin wata rana da ya yi tare da ƙaramin yaro. An ba shi fensir da takarda, bai rubuta komai ba. Da matar da ke yi masa jarrabawar ta ce ya fara, sai ya ji bakinsa yana cewa ranar Asabar ce ya fita da 'yarsa.

Ya ce ya sa mata jan takalmi, suka hau bas, ta ƙi zama sai tsaye a cinyarsa tana nuna motoci. Suka sauka wani lambu mai tafki. Ta ga agwagi ta bi su, takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, ya cire ya wanke a famfo, ya rataye shi a aljihun riga yana ɗiga. Ta yi kuka don ya hana ta shiga ruwa, ya saya mata balan-balan, iska ta ƙwace. A hanyar dawowa ta yi barci a kafaɗarsa, miyau ya jiƙa masa wuyan riga, ya wuce tasharsu bai sauka ba don kada ta farka. Yana cikin haka matar ta ɗaga hannu ta ce ta gode, lokaci ya cika. Ya ce mata bai kai gida ba tukuna. Ta yi murmushi, ta tambaye shi ko yana yawan fita da ita. Ya ce duk Asabar.

Na kashe injin aski. Na ce ashe ɗalibina ya sauke. Bai yi dariya ba. Yana kallon madubi, amma ba kansa yake kallo ba. Na ƙarasa, na kaɗe shi, ya miƙe har ya kai ƙofa, sai ya juyo.

Ya ce, “Gidan Rediyo, wuri ɗaya ne ya tsaya mini. Na ce mata yarinyar ba ta da nauyi. Kai da ka ɗauki 'ya'ya huɗu, 'yar shekara uku tana da nauyi?”

Na ce, “In idonta biyu, ba ta da shi. In ta yi barci, ninkuwa yake yi. Kafin ku kai gida hannunka ya mutu.”

Ya kama labulen ƙofa.

Ya ce, “Ashe. Da na sani da haka na faɗa mata.”