Kofin da Aka Ɗaura wa Jan Zare

Gwaggo, da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye gaban allo ina koyarwa Yaya ya kira ni ya ce kin cika. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Mutuwar na karɓe ta. Abin da na tarar a ɗakinki ne ya tsaya mini a wuya.

Shekara talatin da ɗaya kika yi kina dafa wa ɗaliban makarantar kwana abinci, a kicin mai murhu shida da taga ɗaya. Da mahaifina ya rasu ke kika ɗauke ni, kika haɗa ni da ɗanki tilo, wanda nake kira Yaya. Ina tuna ki kina fitowa daga hayaƙin nan ido jawur, kina dariya wai ke da ɗanyen itace kun zama ƙawaye. Ɗalibar da ta makara ba ta rasa abinci, don kullum akwai kwanon da kike ɓoyewa bayan buhuna.

Hayaƙin nan ne ya cinye miki huhu. Bara ni da Yaya muka kai ki asibiti, likita ya yi bayani dalla-dalla: hanyoyin iska ne suka ƙuntace, ba tarin tibi ba ne, ba a ɗaukarsa. Ya ce ba ya warkewa, amma maganin shaƙa da 'yar tafiya kullum za su sassauta miki numfashi. Ranar da zan koma bakin aikina Yaya ya ce, "Kwantar da hankalinki, ƙanwata, uwata ce fa."

Na kuwa kwantar. Ashe ina juya baya maƙwabta suka buɗe baki. Wasu suka ce ai ciwon 'yan sigari ne, ko dai tana sha a ɓoye? Ke da ko warin taba ba kya so! Wasu suka rantse tarin nan ɗauka ake yi. Aka mayar da ke ɗakin baya, aka hana ki taka ko ƙofar gida wai kada ki gaji, aka ɗaura wa kofinki jan zare don kar ya haɗu da na mutane. Ke fa, wadda dubban 'ya'yan mutane suka ci daga hannunki.

Duk sanda na kira ki, zancenki ɗaya ne tsakanin numfashi da numfashi: jikarki jaririya, takwararki. "Ina dai jin muryarta," kike cewa. Ban gane ba, Gwaggo. Sai da matar Yaya ta faɗa mini cikin kuka cewa wata takwas ɗin nan ko sau ɗaya ba a ɗora miki ita a cinya ba.

Ina tattara kayanki na ga maganin shaƙa huɗu da na aiko, a saman durowa, ko kwalinsu ba a buɗe ba. Na tambayi Yaya.

Ya ce, "An ce in mutum ya saba da shi, ba ya sake numfashi sai da shi. Tsoro na ji."

Na ce, "Wa ya ce? Ba a gabanka likita ya yi magana ba?"



Na san ba ƙinki yake yi ba, na san kuma ajali na Allah ne. Amma Yaya ya ci amanata, ya ci taki. Ni ma da na tsaya a waya ban zo na gani da idona ba, ina da nawa kason.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa wahalar numfashin nan ta zama kaffara, Ya yalwata miki makwanci, Ya shayar da ke a Aljanna cikin jama'a. Ina yi wa Yaya da matarsa da dukkan dangi ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya yafe mana. Takwararki kuwa, na ajiye mata kofin nan da zarensa. Ranar da ta yi wayo ta tambaya, ba zan rufa wa kowa asiri ba, har ni kaina.