Danna-ka-gani da Katifar Umma

A layin masu katifa, in ka tambayi babanmu da sunansa na yanka ba wanda zai nuna maka shi. Ka ce Danna-ka-gani, har mai shayin bakin titi zai nuna maka da hannu ya ce shago na kusa da famfo. Sunan ya samo asali daga bakinsa. Mai saye bai gama sallama ba Baba zai jawo soso ya ce, "Kar ka ji ta bakina, danna ka gani."

Da dako ya fara, yana ɗaukar katifu a ka daga mota zuwa shagon wani tsoho. Tsohon ya ga hannunsa ba ya rawa, ya ba shi doguwar wuƙa ya koya masa yanka. Daga nan ya iya awo, ya iya shafa gam, ya iya ɗinka rigar katifa. Da tsohon ya rasu ya kama nasa shagon, ɗan ƙarami, soso jibge har rufi, warin gam kuwa ya kama masa kaya har sallaya. Mun taso muna share ɓarɓashin soso daga gashin kansa.

Baba yana da aƙida guda a kan sana'arsa, kuma ba a taɓa masa ita. Soso mai tauri na kujerar ofis ne da bencin jira, inda ba a son mutum ya daɗe. Mai laushi kuwa na wanda kake ƙauna ne. Shi ya sa da ya auri Umma, ba shi da abin a zo a gani, amma ya yanko mata soso mafi laushi a shagon ubangidansa. Duk lokacin da kamfani ya fito da wanda ya fi shi laushi, sai ya canja mata. Ni dai na sha faɗa wa ƙannena cewa duk laushin da Allah ya ba Baba a soso ya ƙare, bai rage wa kansa komai ba. Mutum ne mai kirki, amma taurin kansa sai addu'a.

Ni ce babbar 'yarsa, ina koyar da Turanci a firamare. Saboda haka in sabon kaya ya iso, ledar cike da rubutu, ni yake kira.

"Malama, wannan fa me suke nufi?"

"Porous, Baba. Mai ƙananan ƙofofi, iska da ruwa suna ratsa shi."

"To wane soso ne ba ya da ƙofofi? Wannan kuma?"

"Absorbent. Mai tsotse ruwa."

"Ba na masu jarirai ba ne ke nan. Wannan?"

"Spongy. Wanda in ka danna ya lotsa, in ka saki ya dawo."

Sai ya yi dariya ya ce, "Ashe su ma danna-ka-gani suke yi, sai dai da dogon Turanci." Kalma ɗaya ce kawai ba ya son ji, firm, wato mai ƙarfi wanda ba ya lotsawa sosai. Soson da ke ɗauke da ita yakan tura shi can ƙasan tari.

Ciwon bayan Umma ya daɗe, amma ba mace ce mai raki ba. Mun fara lura ne da ta koma yin salla a zaune, sai kuma tsintsiya ta gagare ta. Ranar da ta kasa miƙewa daga kan kujerar tsakar gida, muka ɗauke ta sai asibiti, ni da Baba. Likita ya dudduba ta, ya rubuta magani, sannan ya tambaya a kan me take kwana.

Baba ya gyara zama. "Likita, ai a nan ba ka da magana. Duk garin nan babu katifa mai laushin tata."

Likita ya ce, "To a nan matsalar take, Baba. Bayanta yana son abin da zai tallafe shi. In ta ci gaba da nutsewa a cikin laushi, maganin nan wahalar banza ne, ƙarshenta tafiya ma ta gagara."

Wanzami ba ya son jarfa. Tun daga bakin asibiti har gida Baba yana mita: yaro ƙarami, bai taɓa riƙe wuƙar soso ba, zai koya masa katifa. Na ce, "Baba, kai ma ba ka taɓa riƙe masa allura ba." Ya harare ni, raina kuwa ya ɓaci ƙwarai. Ina ganin uwata tana takawa da ƙyar, shi kuma abin da ya dame shi an taɓa masa sana'a.

Washegari da hantsi ya dawo daga shago da tef ɗin awo a wuya. Ya yanke shawara: tsohon soson ne ya mutu, zai ɗora mata sabo mai laushi a kai, a ga ƙaryar likita. Umma tana zaune a ƙofar ɗaki, ta ce, "Malam, bar shi mana, ni zan auna maka."

Ita kaɗai ke gyara wannan gadon tun muna yara. Ko zanin gado ba ta bari mu canja mata. Amma ranar ba ta da ƙarfin tashi ta tare shi. Baba ya yaye zanin, ya kama katifar zai jawo ta, sai ya ji ta yi masa nauyi ta gefen bango, inda Umma take kwanciya. Shi a bakin gado yake kwana, don ya riga kowa fita. Ya ɗora babban yatsansa a gefen nata ya danna. Bai lotsa ba.

Ya zuge zip ɗin rigar katifar. A ciki, a kan soson, akwai tsohon bargo ninki biyu, ƙarƙashin bargon kuma murfin kabad ɗin kicin ɗinmu, wanda ya ɓata tun ina makarantar sakandare. A kan murfin nan Baba ya taɓa yin rigima da wani kafinta, ya ce shi ya tafi da shi gyara bai dawo da shi ba. Fentin ya goge, katakon har ya yi santsi.

Baba ya tsaya riƙe da shi kamar an ba shi ajiya. Can ya ce, "Tun yaushe?"

Umma ta ce, "An daɗe. Da farko yana taimakawa. Yanzu kuma ya yi mini tauri da yawa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Malam, ka manta yadda kake shigowa da sabuwar katifa? Kana murna kamar ka sayo mini gida. Da wane baki zan ce maka tana ba ni ciwo?"

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya jingine murfin a bango, ya fita ko hula bai ɗauka ba. Ni kuwa haushin da nake ji ya koma tausayi, nasa da nata duka, har na rasa wanda ya fi ba ni.

Bayan la'asar sai ga shi da katifa a ka. Mutumin da ya bar dako tun kafin a haife ni, ya ƙi ba kowa ya ɗauko masa. Daga ƙasan tarin nan ya zaro ta, ledar tana ɗauke da kalmar da ba ya son ji. Ya shimfiɗa, ya gyara kusurwoyi, ya kama hannun Umma ya kawo ta bakin gadon.

Na ga bakinsa ya buɗe zai faɗi abin da ya saba faɗa wa kowa, sai ya fasa. Ya ɓoye hannayensa a baya ya ce, "Kwanta ki gaya mini. In ba ta yi ba, ki ce ba ta yi ba."

Umma ta kwanta a hankali, ta juya dama, ta juya hagu. Ta ce, "Ta ɗan yi tauri ta wajen kafaɗa."

Baba ya ce, "To." Ya zaro tef daga wuyansa ya fara awon wajen kafaɗar.