Allunan Zuma na Mak Seniah

Mak Seniah mace ce da ko ƙwai ta saya sai ta wanke shi da sabulu. Duk ƙauyenmu na bakin fadamar Sentarum babu kwalekwalen da ya kai nata ƙyalli. Mijinta, Pak Derahman, ya sha cewa da za ta samu dama, da shi ma ta shanya shi a igiya.

Da ya rasu ya bar mata alluna arba'in, irin waɗanda ake ɗaurawa a rassan itatuwan fadama, ƙudan zuma su zo su yi saƙa a ƙarƙashinsu. Dokar masu zuma kuwa ba ta da kara: layin allunan da ya shekara biyu babu zuma, wani ake ba. Bara ta tafi a jinya da takaba. Saura bana.

Ta tuƙa kwalekwale ta je duba gadonta, ta tarar da allunan baƙi ƙirin, kakin shekara da shekaru ya daskare a jikinsu.

"Ashe ƙazami na aura ban sani ba!" in ji ta.

Kwana huɗu tana kankara da sabulu mai ƙamshin lemo, birai masu dogon hanci sun jeru a sama suna kallon ikon Allah. Da ta zo allo na ƙarshe sai ta ga shatin babban yatsan marigayi a cikin kakin. Hannunta ya ƙi. Ta bar shi da dattinsa.

Sai ga Bakri, ƙanin mijinta, ya taho da komarsa.

"Yaya, ƙudan zuma kike jira ko surukai?"

"Wuce, kai da rabonka da wanka tun ambaliyar bara."

"Ai ƙamshin tsohon kakin suke bi! Yanzu da me za su gane gida?"

Ta juya masa baya, ta tuƙa kwalekwalenta gida.

Itatuwan putat suka yi fure, ruwa ya yi jajir da abin da ya zubo. Ƙudan zuma suka taso kamar hadari, suka cika layin kowa. Nata talatin da tara kuwa fes, ko tururuwa ba ta leƙa ba. Ta ƙarasa wurin na ƙarshen, wanda ta bari da dattinsa. Saƙa ce ta sauko, ta kai faɗin tabarmar salla, sai ƙugi take.

Shugaban masu zuma ya zo ya gani da idonsa. "Allo ɗaya ma zuma ce, Mak. Layi naki ne."

Ta yanki ɓangaren zumar kaɗai, ta bar wa ƙudan zuman 'ya'yansu. Kakin kuma ta narka, ta bi sauran allunan ɗaya bayan ɗaya tana shafe su da hannunta, tana yatsine fuska.

"Yaya, in kawo sabulu?" Bakri ya ƙwala daga nesa.

Ta watsa masa ruwa da filafili, ta matsa allo na gaba.