Shirun da Inna Ta Bar wa Mama

Duk waɗanda suka ga hotunan raƙuma da na sa a makon jiya suka ce na je Illela yawon buɗe ido, ko na fara neman suna a intanet, kun yi kuskure. Masu cewa sayen kyamara ɓarnar kuɗi ne tunda waya ma tana ɗauka, ku ma haka. Wayata fuskarta a tsage take, kullum kukanta ta cika, in kuma na ɗauki bidiyo da ita a waje iska kawai ake ji. Kyamarar nan 'yar ƙarama ce, tana shiga jakar hannu, ta hannu na saya saboda sana'ata ta lalle. Akwai ɗan abin murzawa a samanta: ka murza nan ta ɗauki hoto, ka murza can ta ɗauki bidiyo har da murya. Dalilin tafiyata kuwa Mama ce.

Tun bara ɓarin jikin Mama na dama ya shanye. Tana magana, amma harshen ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita. Likita ya hana ta doguwar tafiya a mota. 'Yar'uwarta ɗaya ta rage a duniya, yayarta, muna ce mata Inna, tana aure a wani ƙauye bayan Ƙonni cikin Nijar. Ita ma ba ta kwana a waje, don mijinta ya makance, ita ke kula da shi. Iyakarta kasuwar Illela ran Lahadi, ta sayar da cuku ta koma kafin magariba. An gwada waya. Kafin Mama ta haɗa kalma, Inna ta gama "alo, alo" ta kashe, ko layin ya yanke da kansa. Rabonsu da ganin juna tun kafin ciwon. Mama ta daina zancen, sai dai in an ambaci Illela ta juya fuska bango. Ni kuma ba ni da haƙurin kallon wannan. Na ce to, tunda ba za su haɗu ba, ni zan ɗauko mata Inna a jaka.

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da yayana. A tasha kuɗin mota ya tashi yadda sai da na tambayi direba ko Makka zai kai mu. Ya ce in je gidan mai in yi wannan tambayar. Aka cusa mu huɗu a baya, ga wata baiwar Allah da kwandon kaji a cinya, zakara ɗaya yana kallona kamar mun taɓa faɗa. Muka wuce Kware, muka wuce Gwadabawa, rana na ɗagowa a kan gonakin albasa, 'yan kabu-kabu suna wuce mu da buhuna har ba ka ganin mai tuƙin. Shingayen jami'ai kuwa sun fi ƙarfin lissafina. Yayana ya ce in ɓoye kyamarar a duk inda aka tsaya, kada a ce 'yar jarida ce a ɓata mana lokaci. Na ɓoye, ina ƙunƙuni.

Illela ran kasuwa ba wurin mai ciwon kai ba ne. Shanu, raƙuma, jakuna, tirela cike da albasa, masu canji a bakin hanya suna kaɗa damin sefa suna kira, wani na ciniki da Fillanci, wani na jefa Faransanci cikin Hausarsa. Mun karya da kifin tafkin Kalmalo soyayye da yaji, muka bi da fura mai sanyi wadda ta ji nono, ba irin ruwan da ake sayar mana a gari ba. Daga nan idona ya rufe. Na ɗauki raƙumi yana tauna, na ɗauki raƙumi yana durƙusawa, na ɗauki wani dillali yana rantsuwa a kan wani sa da yake sayarwa. Hoto, bidiyo, hoto, bidiyo. Yayana ya ce in rage, batir ɗaya gare ni. Na ce ya bar ni, na fi shi sanin kayana.

Sai wajen azahar muka gano Inna a layin masu cuku. Ta rame, amma idon nan nasu iri ɗaya ne da na Mama, har gabana ya faɗi. Hayaniyar kasuwa ba za ta bari a ji murya ba, sai wata mai sayar da tabarmi, wadda ba ta san mu ba, ta ce mu bi ta gidanta a bayan kasuwa. Ta shimfiɗa mana tabarma a gindin dogon yaro, ta kawo ruwa, ta kore awakinta. Allah ya saka wa matar nan da Aljanna.

Na fara da hoto. Inna ta gyara kallabi, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa, ta ɗaure fuska kamar za a yi mata katin zaɓe. Na ɗauka haka nan. Sannan na murza zuwa bidiyo, na ce ta kalli gilashin nan ta yi wa Mama magana, za ta gan ta ta kuma ji ta. Da na duba sama, saura layi ɗaya a batir.

Ta kalli kyamarar, ta kira Mama da sunan da ta saba kiranta, ta ce, "Salamu alaikum, Auta."

Sai ta yi shiru. Na yi mata alama da hannu ta ci gaba. Ko motsi.

"Inna, ki ci gaba mana."

"Ba ta amsa ba."

"Ai ba waya ba ce. Sai na kai mata can za ta amsa."

"To in can za ta amsa, ina za ta sa amsar in ban bar mata wuri ba? Ke ɗiyag ga, gaugawar mi kikai? An ce man harshenta ya yi nauyi."

Ta koma kan gilashin. "Kin kwan lahiya?" Shiru. "Ƙaƙa jiki?" Shiru mai tsawo, tana gyaɗa kai a hankali kamar tana saurare. "Allah shi ƙara sauƙi. Ƙaƙa ɗiya?" Shiru. Ta tambayi maigida, ta tambayi maƙwabta, har wata tsohuwa da ta rasu tun ina aji uku sai da ta tambaya, kowace tambaya da nata shirun. Alamar batir ta koma ja tana ƙiftawa. Zufa ta jiƙa mini hijabi. A raina ina cewa wannan tsohuwa za ta cinye mini batir da gaisuwa, in koma gida da "ƙaƙa jiki" kawai. Na buɗe baki zan sake magana, yayana ya taka mini ƙafa.

Can Inna ta gyara zama, muryarta ta sauka. "Auta, duniya ba tabbas. Abin da niy yi miki, wanda nis sani da wanda ban sani ba, ki yahe man. Ni na yahe miki, duniya da lahira."

Wannan shirun ya fi duka tsawo. Mai tabarmi ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ni kuwa jan nan nake kallo ina ta salati. Sai Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Madalla." Ta ɗan yi tari, ta ɗaga yatsa. "Sai dai tasar tsohuwarmu da kid ɗauka kic ce aro..."

Kyamara ta mutu.

Na gaya mata, ta ce ba komai, Auta ta san sauran. Ta ƙulle mana cuku da dabino a leda, ta ce a jiƙa wa Mama cukun ya yi laushi, ta tashi don kada motar ƙauyensu ta bar ta.

A hanyar dawowa na gama shirya yadda zan yi: in sa a kwamfutar yayana, in yanke shirun nan duka, bidiyon ya dawo gajere mai kyau. Mun iso gida da la'asar sakaliya. Mama ba ta bari ko hijabi na cire ba, da hannun hagu take nuna jakata. Na jona caji, na juyo ɗan allon kyamarar, na riƙe mata a gaban fuska a kan gado. Hoton ta fara gani, ta shafa shi da yatsa. Sannan na kunna bidiyon.

"Salamu alaikum, Auta."

Bakin Mama ya fara rawa. "Wa... alaikumus... salam, Yaya." Tana rufe baki Inna ta ce, "Kin kwan lahiya?" Wallahi kamar an auna. Mama ta amsa. Ta amsa ta jiki, ta amsa ta 'ya'ya, ta gaya mata tsohuwar nan ta rasu. Babu inda Inna ta katse ta, abin da mu 'ya'yanta muke yi mata kullum, muna ƙarasa mata magana don mu huta. Da aka zo wurin yafiya ta daɗe tana kokawa da hawaye da harshe, kuma wurin da Inna ta bar mata ya ishe ta. "Na yahe, Yaya." Inna ta ce madalla.

Da maganar tasa ta zo allo ya tsaya, sai Mama ta yi dariya, irin wadda ban ji ba tun da ta kwanta. Ta ce, "Ƙarya... takai. Ni... tsohuwa ta ba."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa yayana da ya taka ni, da mai tabarmi, da Inna wadda ba ta taɓa riƙe kyamara ba amma ta san yadda ake magana da ƙanwarta. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mai ciwo ba ya buƙatar a yi magana a madadinsa, jira yake so a yi masa. Ban yanke ko ɗaya daga shirun ba, kuma ba zan yanke ba.

Na sa a nemo mini batir na biyu. Gobe da safe, lokacin da harshen Mama ya fi sauƙi, zan zaunar da ita ta yi tata gaisuwar, ta bar wa yayarta wurin amsa, ta kuma faɗi nata ɓangaren a kan tasa. Ran Lahadi zan koma Illela in riƙe wa Inna a gaban fuska, kuma ko za ta kai magariba tana amsawa, bakina a rufe.