Motar da Aka Yi wa Kwalliya a Katagum

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya daga Kano, mu uku: ni, da bakaniken da ba na duba mota sai da shi, da wani abokin sana'a da ya ce shi kifin Katagum kawai zai je ci. Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, aikina shi ne farautar tsofaffin motocin tsere, irin masu ƙofa biyu da kujera biyu, waɗanda attajiran da suka saya don sha'awa suka ajiye ba su mora ba. Akwai masu tara irinsu a Abuja da Legas, kuma abu uku suke zuba wa kuɗi: fentin da mota ta fito da shi daga kamfani, kujerunta na asali, da mitar da ke nuna ba ta yi yawo ba. Ni dai nawa la'ada.

Wadda ta tashe mu a wannan karon ja ce, ƙirar Jamus, injinta a baya. Wani attajirin fatu na Katagum ya saye ta tun ina makarantar firamare, ya kawo ta gida, sai ya tarar cikinta na gogar ƙasa a kowace kwana ta garin. Ya hau ta 'yan lokuta, ya haƙura, ya ɗora ta kan bulo ya lulluɓe. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Babban ɗansa, wanda zan riƙa kira Alhaji, ya turo mini hotuna ta waya: fenti ya dushe amma nata ne, kujeru na cikin ledarsu, gilashin mita ya yi hazo amma ana karanta lambar, kuma lambar ƙarama ce ƙwarai. Na ce masa idan haka take a ido, kuɗinta zai sayi gida mai kyau a Azare har a yi canji. Na kuma ce, don Allah kada su wahalar da kansu, a bar ta yadda take har mu zo.

Kafin mu zo ɗin aka zauna rabon gado. Alhaji ya ɗauki motar a matsayin kasonsa, ya bar wa ƙannensa fadamar mahaifinsu gaba ɗaya, wadda a cikinta shi ma yake noman shinkafar da gidansa ke ci. Da bakinsa ya gaya mini, yana murna. Gaggawar ba ta yi mini ba, amma gadon ba nawa ba ne. Abin da na sani shi ne mutumin ba shi da gona yanzu, sai mota.

Hanyar Wudil da sassafe ba laifi, in ka cire manyan motocin da ke kwana a gefen titi kamar gidan ubansu. Daga nan har Kiyawa kwalta ta yi kyau, sai dai wuraren da ake karkatar da kai hannu ɗaya ba tare da ko allo ba. An yi ruwan farko, ƙasa ta yi duhu, ko'ina manoma ne da shanun huɗa. A gadar Jama'are kogin bai cika ba tukuna, masu ɗibar yashi na ta aikinsu a tsakiyarsa. Mun sha mai kafin Azare, ya ɗan fi na Kano tsada, mai gidan man kuma ya rantse mana da cewa faɗuwa yake yi.

Azare ta tarbe mu da babura. Ban san garin da ɗan acaɓa ke kallon mota kamar ita ce ta shigo masa hanya ba irin wannan. Muka tsaya karin kumallo wajen wata mai masa kusa da tasha. Ku Kanawa ku ce waina, ku ci abinku, amma a nan masa ce, mai faɗi da laushi, da miyar taushe da man shanu a kai, kuma abin da muka biya mu uku bai kai abin da nake biya ni kaɗai a gida ba. Abokina ya ce da ya sani da nan ya yi aure. Rabin hirar da ake yi a rumfar da Fillanci ake yinta, in an ga ka yi zuru sai a juyo da ita Hausa don kada ka ce da kai ake.

Daga Azare muka yi arewa ta Gadau. Nan hanya ta fara nuna hali. Wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta. Ƙasar shimfiɗe take, ga dorawa da kuka da garken shanu farare, ga kwalbatocin da ruwan bara ya cinye gefensu. Bakanike ya leƙa wani rami da muka kauce wa, ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa marigayi ya ɗora motarsa kan bulo. Irin wannan hanya ita ce ke ajiye mana kaya. Da titin Katagum sumul yake, da tuni an gama da motar a yawon biki.

Hantsi ya ɗaga sosai muka shiga Katagum. Gari ne tsoho, mai natsuwa, ƙamshin bandar kifi na bin ka tun daga bakin kasuwa. Alhaji na tsaye a ƙofar gida yana jiranmu, dattijo siriri mai farin gemu, cikin babbar riga da aka yi wa guga har tana ɗaukar ido. Na so mu wuce gareji kai tsaye. Ina! Sai da aka shimfiɗa mana darduma a zaure, aka kawo ruwa, aka kawo fura da nono, aka kawo shinkafa da miyar kifi. Na ce mun karya a Azare, mun ƙoshi. Ya yi murmushi ya sa aka ƙaro kwano. A wannan yanki in baƙo ya ce ya ƙoshi, ko ya ce kada a wahala, kara ce yake yi, mai gida kuma aikinsa ya ƙi ji. Ina cin kifin ina yaba wannan hali, ban kawo komai a raina ba.

Garejin na bayan gida, a kan tudu, shi ya sa ambaliyar da ke damun garin ba ta taɓa shigarsa ba. Tun kafin a buɗe ƙofa na ji warin. Duk wanda ya yi shekaru a harkar mota ya san warin sabon fenti. Na dubi bakanike, ya dubi ƙasa.

Aka buɗe. Tabɗi! Ga ta nan tana walƙiya, ja jawur, ja irin na robar wanka. An yi mata sabon kushin mai sheƙi, da ɗinkin zare ruwan gwal. An sa mata dardumar ƙasa mai furanni. A gaban sitiyari kuwa, inda tsohuwar mita take a hoto, wata ce sabuwa fes, an ciro ta daga wata motar daban an yanka wurin an cusa ta.

"Yaya ka gan ta?" in ji Alhaji. "Bijimin da nake kiwo na sayar, na ɗauko masu aiki daga Azare. Ka ce kada mu wahala, na san kara ce irin ta manya. Amma ina ni ina nuna wa baƙo motar mahaifina a dushe?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, na rasa wanda zan fara haɗiyewa. Na ce bari mu duba tukuna.

Muka yi aikinmu yadda muka saba. Bakanike ya shiga ƙarƙashi da fitila: babu tsatsa, babu alamar ta taɓa shan ruwa, sai 'yan gurzunan da hanya ta yi mata tun zamanin marigayi. Robar matakin birki da ta totur ko sulɓin takawa ba su yi ba. Tayoyin na asali ne, sun tsattsage don tsufa amma zanensu na nan cif. Injin ya tashi a bugu na biyu, saboda marigayi bai taɓa fasa tayar da shi duk Juma'a ba. Ni a raina ba ni da shakka motar ba ta yi tafiya ba. Amma masu sayen irin wannan ba zuciyar dillali suke saya ba, shaida suke saya. Fentin kuwa ba a kan tsohon aka fesa ba, balle a yi dabara. Mai fentin mutumin kirki ne, ya kankare na da har ƙarfe don aikinsa ya yi kyau.

Saura abu biyu da za a iya cetowa: fatar kujeru da tsohuwar mita. Na tambayi inda suke. Alhaji ya ce ai masu aiki sun tafi da su, kamar yadda aka saba, abin da aka cire na mai gyara ne. A nan na yi masa bayani dalla-dalla, ba kwana-kwana. Ya saurara har na gama bai katse ni ba, sannan ya shiga gida ya sako hula, ya ce mu je Azaren.

Bayan azahar muka juyo, duk a motarmu, shi a kujerar gaba. Ramukan da muka yi wa dariya da safe yanzu ba wanda ya tanka musu. Ya nuna mana fadamar ta taga da muka zo wucewa, kore shar, ƙannensa da 'yan ƙwadago na ta dashe. Ya ce ƙasar wurin ba ta taɓa ba mahaifinsu kunya ba.

Mai kushin muka fara samu, a layin masu gyaran babura. Da fara'arsa ya karɓe mu, ya ce fatar kam ya ga fata, bai taɓa sa almakashi a mai laushinta ba. Ya nuna mana wani babur da ke jingine a ƙofar shagon. Sirdinsa baƙar fatar Jamus ce, kuma ya ce ya yi wa wasu ma, duk sun yaba. Abokina ya juya baya yana tari, na san dariya ce yake dannewa, ni ma da ba a gaban Alhaji ba ne da na yi.

Mai wayarin, wanda ya canza mitar, ya ce ya ajiye ta kwana biyu ya ga ba ta shiga kowace mota ba, sai ya haɗa ta da tarkace ya ba 'yan gwangwan. Muka bi su har filinsu a bayan gari, wurin da ake auna ƙarfe a kan sikeli ana lodawa a tirela. Shugabansu ya gane ta da na nuna masa hoto. Ya ce sun fasa ta sun cire 'yar tagullar ciki, sauran kuma ya bi lodin da ya tafi kudu. Ya tambaya ko wani abu ne mai muhimmanci. Alhaji ya ce a'a, ba komai, Allah ya ba da kasuwa.

Na koma gefe na kira wani mai saye a Abuja da na riga na yi wa maganarta, na gaya masa gaskiyar abin da na gani. Bai ja magana ba. Ya ce in an samu wata a sanar da shi.

Da na dawo, Alhaji na tsaye a inuwar wata darbejiya, hannuwansa a baya. Ya ce, "To yanzu nawa take?" Na ce za a samu mai so, matasa masu son a kalle su ba sa ƙarewa, amma kuɗin ba zai wuce na ƙaramar motar gida ta hannu ba, kuma sai an yi haƙuri. Ya ce ko zai sayi gona? Na ce ba irin wadda ya nuna mana ba. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Mun yi mun yi mu mayar da shi Katagum, ya ƙi, ya ce hanyarmu da nisa, zai hau ta haya. A tasha ya sa muka buɗe but ɗin motarmu, ashe tun muna gareji ya sa an zuba mana bandar kifi da rabin buhun shinkafa. Na ce wannan ya yi yawa. Ya ce ta bara ce, ta ƙarshen da ya noma da hannunsa, gara mu ci.

Dawowa ba wani labari. Mun yi la'asar a Jama'are, ruwa ya tare mu wajen Kiyawa, muka shigo Kano ana kiran isha. La'adata ta bi ruwa, kuɗin mai ma ban mayar ba, amma wannan a sana'armu ba sabon abu ba ne.

Abin da tafiyar ta koya mini guda biyu ne. Mai tsohuwar mota a gida, in ta dushe ka bar ta a dushe, dushewar ita ce kuɗin. Mu dillalai kuma mu daina magana da ladabin zaure a inda ake bukatar maganar kasuwa. Mutumin da aka rena da girmama baƙo ba zai taɓa jin "kada ka wahala" a matsayin umarni ba, sai ka ce masa in ya taɓa ya yi asara, ka kuma faɗi dalili.

Washegari da hantsi Alhaji ya kira ni. Na ɗauka maganar mota ce. Ashe ban gajiya ya kira yi mana, da ba da haƙuri wai ba a tarbe mu yadda ya kamata ba. Na tambaye shi ina yake, don ina jin kukan injin ban ruwa a bayansa. Ya ce yana fadama, ya zo wajen autansu neman aron kadada ɗaya kafin dashe ya wuce, yana jira yaron ya gama da 'yan ƙwadago ya saurare shi.