Ranar da Zanena Ya Bushe

Wata Laraba ce a ƙarshen damina, saura 'yan shekaru Turawa su naɗe tabarmarsu, ina 'yar shekara tara a Gulma, na goya ƙanena Umaru tun safe har azahar zanena bai jiƙe ba. Murna na yi, Allah ya yafe mini. Tun da aka ba ni rainonsa ban taɓa zuwa wurin gaɗa da busasshen zane ba, har 'yan mata suka sa mini suna Mai Tafki. Ranar kuwa na kori tsuntsaye a gonar shinkafa, na ɗebo ruwa a gulbi, na taya Inna juya kifin banda, yaro yana kwance luf a bayana, ko kuka babu.

Kwanansa uku yana zawo. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ce haƙori ne, ta hana a ba shi ruwa wai don cikin ya ɗaure, ta kwaɓa magani ta shafa masa a maɗiga da ta faɗa ciki. Da ya yi shiru ta ce, "Ai ya samu lahiya." Wa ya isa ya musa wa Kaka, matar da rabin unguwa a hannunta aka haife su?

Muna haka Gwaggo Hauwa, ƙanwar Baba da ke aure a Birnin Kebbi, ta shigo sarin kifi. Ta shafa bayana don ta tsokane ni kamar yadda ta saba, sai hannunta ya tsaya cak. "Ke, yaushe rabon yaron ga da hitsari?" Na ce tun jiya. Ta kwance shi, ta ja fatar cikinsa, fatar ta tsaya a tattare kamar tsumma. Sai a lokacin na ga yadda idanunsa suka zurma, yana buɗe baki zai yi kuka amma ba hawaye, ba murya. Gabana ya faɗi. Ashe abin da nake murna da shi ne yake shirin kashe mini ƙane.

Gwaggo ta ce a kai shi asibiti. A wancan zamanin kuwa asibiti abin tsoro ne, ana cewa likitan Turawa yanka mutane yake yi. Baba ya dubi mahaifiyarsa. Gwaggo ta durƙusa a gabansa tana kuka: "Yaya, shirun ga ba sauƙi ba na. Haka ɗiyata tay yi, munka ce barci take." Baba ya tashi ya ɗauki sandar tuƙi. Muka ratsa fadama a kwalekwale zuwa Argungu, muka hau motar 'yan kasuwa. Duk ramin da motar ta faɗa sai in kai yatsa hancin Umaru a cinyar Inna, in ji ko yana numfashi.

Kafin faɗuwar rana muka isa Birnin Kebbi. Likitan bai ɗauko wuƙa ba. Ta bakin tafinta ya yi tambayar da Gwaggo ta yi, sannan aka sa wa yaro ruwa ta allura, aka ba Inna cokali ta riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Washegari da hantsi Inna ta gaji ta ɗora mini shi. Ina zagaya gindin bishiya sai na ji ɗumi yana bin bayana har ƙafa. Ihun da na yi sai da masu jinya suka fito a guje, suka tarar da ni jiƙe sharkaf, ina kuka ina dariya.

Yau Umaru dattijo ne mai furfura, kuma har gobe ina tuna masa zannuwan da ya ɓata mini. Jikokinmu suna da likitan yara na musamman, da kunzugun kanti mai shanye komai, bayan mai goyo ba ya jiƙewa. Ni dai duk jaririn da aka miƙo mini sai na kai hannu na duba, suna dariya wai Kaka ta cika bincike. Ba su san yaron da ya yi shiru ya fi mai kuka ba ni tsoro ba.