Tsamiyar Malam Daga Kan Dutse

Kwana goma da fitata takaba, babban ɗana ya zo daga Gusau da mota, wai zai kai ni shan iska. Ɗiyata ce ta kawo mini saƙon ɗaki. Shi ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma saba yi masa magana ido da ido ba. Haka aka rene mu. In ina son abu wurinsa, sai in faɗa wa ƙanwarsa, ko in faɗa wa bango shi ya ji.

Ta ce, "Inna, Yaya ya ce kukan ya isa haka. Akwai wani dutse hanyar Bukkuyum, daga samansa ana hango duniya. Ba wuya, mota za ta kai mu har gindinsa."

Na ce mi zan yi da duniya, wanda muke kallonta tare yana ƙarƙashin ƙasa. Amma da ta kwatanta dutsen sai na gane shi. Gabas da shi gonar mijina Malam take, da tsamiyar da na shekara arba'in ina kai masa abinci gindinta. Shekara uku ke nan hanyar gonar ta daina biyuwa, har Allah ya karɓi abinsa bai sake taka ta ba. Na ce, "Ki ce mishi zan tafi, amma gabas nake son gani." Ta ce to, tana latsa waya. Ita ce ke rubuta wannan, na kuma hana ta tsallake wurin.

Abincin gida ɗana ya ce yana marmari. Na gasa hocen dawa, na kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli, na karɓi nono wurin maƙwabciyata Bafulatana na dama fura. Sai da na gama na ga hannuna ya ware rabon Malam, marar yaji, ya ɗaure shi daban. Na zauna na yi kukana, na saka ƙullin cikin kwando.

Mota dai ta kai mu gindin dutse, nan gaskiyarsu ta ƙare. Hanyar awaki ce, ni kuwa gwiwoyina sun daɗe da yin sallama da ni. Sau huɗu ina zama, sau huɗu ana ce mini saura kaɗan.

Da muka isa, suka shimfiɗa tabarma a inuwa, fuskarmu yamma, wai can gulbi yake. Bayanmu wani ƙaton fā na dutse ya tare gabas gaba ɗaya. Aka shiga ɗaukar hoto. Inna duba nan, Inna gyara lulluɓi, Inna yi murmushi. Na ce wa ɗiyata ta tuna masa zancen gabas. Ta ce bari ta tura hotuna tukun, nan sama ne waya ke kamawa.

Suka buɗe kwando suna ci suna yabo. Ɗiyata ta kwance ƙullin Malam ta gutsura, ta ce, "Inna, wannan kin manta yaji."

Na dubi ƙwaryar fura na ce mata, "Wasu sun zo ganin gabas, an ba su yamma."

Ɗana ya yi dariya, ya ɗauka raha nake. Ya ce wa ƙanwarsa, "Gabas ai ba komai sai ramukan masu haƙar zinariya." Ya duba agogo ya fara naɗe tabarma, wai gara mu sauka kafin la'asar saboda hanya.

Na san ba zan sake hawan dutsen nan ba. Na ɗaga kai na dube shi, na kira sunansa, sunan da aka raɗa masa ranar suna. Kofin da ke hannunsa ya faɗi ya gangara.

Na ce, "Gonar ubanka na zo gani."

Ya durƙusa ya juya mini baya, na hau, ya zagaya da ni bayan fān yana dafa dutse. Idona ya yi rauni, abin da na gani jar ƙasa ce an tone ta, da ɗan kore nan da can. Ya miƙa hannu ya ce, "Ga tsamiyar can, Inna." Wani baƙin ɗigo ne kawai. Don in tabbata ita ce, na tambaye shi ta ina surin gonar yake. Ya ce arewa da ita, inda Baba ke jingine galma. Haka ne kuwa.

Ɗiyata ta zo da waya, wai za ta jawo mini tsamiyar kusa. Na ture hannunta. Na sa ta kawo sauran hocen Malam, na ci shi nan ina kuka, ɗana na gefe yana share ido da hularsa.

Kwana biyar ina salla a zaune saboda gwiwa. Hotuna kuwa sun cika waya, gulbi ne da ni ina tamke fuska, babu tsamiya ko a ɗaya. Yanzu ɗiyata cewa take laifina ne, ni na ture mata hannu.